A Manchesta in aka ce tea, ba shayi kaɗai ake nufi ba

Duk wanda zai zo arewacin Ingila da yara ƙanana ya kamata ya san yadda mutanen nan ke kiran lokutan cin abincinsu, don abin ya shafi abin da zai shiga cikin ɗanka. A nan Manchesta abincin rana shi ne dinner, shi ya sa matan da ke raba wa yara abinci a makaranta ake ce musu dinner ladies, shi kuma abincin yamma na wajen ƙarfe biyar zuwa shida shi ne tea. Abinci ne fa sosai a faranti, dankali, wake na gwangwani, kifi ko nama, wani gidan ma ko kofi ɗaya na shayi ba za ka gani a tebur ba.

Ran da maman ƙawar ɗiyata ta tare ni a ƙofar makaranta ta ce ko yarinyar za ta zo tea gidansu, nufinta ita za ta ciyar da ita ran nan. To a nan ne ya kamata uwa ta buɗe baki, ki gaya mata ba ma cin alade, kuma ki ambaci su soseji da ham (naman cinyar alade) da alewar da ake sa wa gelatin (wani sinadari da galibi daga alade ake samo shi) don da yawansu ba sa lissafa waɗannan a ciki, ba da mugun nufi ba, kawai hankalinsu bai kai wajen ba ne. Wallahi matar nan ba ta ji haushi ba ko kaɗan, da daddare sai ga hoton kwalin kifi ta turo min ta WhatsApp, ta ɗauki bayan kwalin inda aka jera abubuwan da ke ciki tana tambaya ko wannan ya yi. Ni dai ban ga dalilin da zai sa mu riƙa ƙin irin wannan gayyata ba, da ita yara ke samun abokai, mu ma iyaye mu san maƙwabtanmu.

Abin kuma yana da alaƙa da talaka da mai kuɗi. Ma'aikatan masaƙun auduga na da, in sun tashi aiki da yamma a gajiye sai su haɗa abinci mai nauyi da butar shayi lokaci guda, sunan shayin ya bi abincin har yau. Su kuwa manya nasu daban ne, afternoon tea, ɗan kek da burodi yanka-yanka wajen ƙarfe huɗu, wanda ake dangantawa da Anna matar Duke na Bedford wajen 1840. A Landan da kudu galibi dinner za ka ji ana cewa da yamma.

Asalin kalmar tea daga ƙasar Sin ne, kuma ita da shayin namu uwa ɗaya ta haife su. Rubutun ɗaya ne a wurinsu amma yawancinsu cha suke furtawa, mutanen bakin teku na Fujiyan kuma te. 'Yan kasuwar Holan da waɗannan na bakin tekun suka yi hulɗa, suka kai ganyen Turai ta jirgin ruwa wajen 1610 da sunan da suka ji, daga nan Ingilishi da Faransanci suka samu nasu. Ita kuwa cha ta bi ta ƙasa zuwa Farisa, Larabawa suka ce shay, mu kuma shayi. A fadar Ingila Catherine 'yar sarkin Fotugal, wadda ta auri Sarki Charles na biyu a 1662, ita ta sa shan sa ya zama abin yayi.

A gidan kula da tsofaffi da nake aiki kuma tea na nufin hutun 'yan mintuna, shi shayin kansa brew suke ce masa, baƙi da ɗan madarar ruwa, ba irin mai kauri na mai shayin gida ba. In za ki tashi haɗa naki ki tambayi kowa ko yana so, ki kuma riƙe wa ke shan suga cokali nawa, don wadda ta haɗa nata ita kaɗai ana lura da ita ko da ba wanda ya ce komai.