Kafin Ka Kunna Injin Walda

Ranar Asabar na tarar da ɗan ƙanwata ya ɗage gaban babur ɗinsa mai ƙafa huɗu a kan jak, ya kwance difiranshal, wato akwatin giyar da ke raba ƙarfin inji tsakanin tayoyi biyu, ya baje ƙananan haƙoran ciki a kan tsumma. Wayarsa na jingine da taya, wani bidiyo na ta maimaituwa. Na ce, "Kai, me za ka yi wa waɗannan?" Ko kai bai ɗago ba. "Kawu, walda zan yi musu su zama abu ɗaya. Na gama kafewa a taɓo." Nan take na ji kafaɗata ta hagu ta motsa, wadda har yau ba ta shiri da sanyi.

Abin da ni ma na taɓa yi ke nan, kuma ina da hujjata. Difiranshal an yi shi ne don kwana: tayar waje tana cin tazara fiye da ta ciki, dole a bar kowace ta juya da saurinta. Aibinsa shi ne da zarar taya ɗaya ta rasa abin kamawa, sai ta yi ta wulwulawa, wadda ke kan ƙasa mai ƙarfi kuma ta tsaya ƙyam. Wanda bai taɓa tsayawa cikin laka har gwiwa yana kallon wannan ba, abokan tafiya sun yi nisa, ba zai gane zafin da ya kai ni wurin mai walda ba. Makullin difiranshal na gaskiya, mai maɓalli, ya fi ƙarfin aljihuna a lokacin. Bayan babur ɗin kuwa dama ƙarfe ɗaya ne miƙaƙƙe, na ce in baya ya zauna haka lafiya, me zai hana gaba?

Makon farko na ratsa ramin da ya saba riƙe ni, kuma ba zan ɓoye daɗin da na ji ba. Daga nan kan babur ya zama abokin kokawa. Ka murɗa dama, shi yana son miƙewa, saboda tayoyin gaba ba su da ikon bambanta gudu. A busasshiyar ƙasa ƙarfin da ya rasa mafita yakan taru a gwiwar shaf, wato mahaɗin ƙarfen da ke juya taya. Biyu na karya. Maimakon in hankalta, sai na ɗora laifin a kan taya.

Tayoyin asali 25x8-12 ne a gaba, 25x10-12 a baya: tsayi inci 25, faɗi 8 ko 10, rim inci 12. Na koma masu inci 28, masu manyan ƙayoyi na laka. Ban yi lissafin cewa ƙarin inci 3 a tsayin taya inci ɗaya da rabi kacal yake ɗaga cikin babur ba, alhali kewayenta ya ƙaru da kashi 12 cikin 100. Kamar ka tashi mota da babbar giya ne. Bel ya fara zamewa yana warin ƙuna, birki ya yi sanyi, boris ya fara kuka. Abin kunyar ma, na baya na fara saye, na yi makonni da tsofaffin a gaba, ina sa giyar ƙafa huɗu, gaba da baya suna jayayya a cikin ƙarfe. Wani bakanike ya gargaɗe ni. Shi ma dai da zai yi mini bayani a natse maimakon tsawa, wataƙila da na ji.

A gefen wani tudu abin ya ƙare. Babur ya yi tsayi, kai ya ƙi juyawa, ya kife a kaina. Hular kwano ce ta sa kafaɗa kawai na karya. Bayan na warke na buɗe littafin babur ɗin, wanda ban taɓa dubawa ba, na ga iskar da ake so ba ta wuce psi 5 a ma'aunin iskar taya ba. Ni kuwa da gejin mota nake aunawa, wanda ba ya karanta ƙaramar iska daidai, tayoyina sun yi tauri kamar dutse. Da na mayar da komai yadda yake, na rage iska, taya ta baje ta kama ƙasa, na haye wannan ramin ba tare da walda ba.

Na so in tsara muku shawarwari goma, samari, amma na san ba za ku kai na huɗu ba. Bidiyon daƙiƙa talatin ya fi muku kawu daraja, kuma mai bidiyon ba ya nuna ranar da ake janyo shi gida. To, ku sayi gejin ƙaramar iska tun kafin komai. Ku zaɓi taya don ƙasar da kuka fi bi, ba wadda kuka fi so a ɗauke ku hoto a ciki ba, domin tayar laka a rairayi kabarinta take tonawa, a kan dutse kuma santsi take. Tsayin gaba da baya ya zama ɗaya, kuma ku duba kibiyar da ke gefen taya, mai nuna inda za ta juya, kafin ɗaurawa. Difiranshal kuwa, kada ku taɓa shi. Ko da yake, in laka ce aikinku kullum, makulli mai maɓalli abu ne mai kyau, da ina da hali da tuni na sa. A kulle a cikin ramin, a buɗe da an fito. Kuma ban ce mutum ya rayu bai taɓa kwance injinsa ba, ni ma a nan na koyi abin da na sani. Amma ba da walda ba, ba a gaba ba.

Ɗan ƙanwar tawa ya ce, "Kawu, na yanzu ai sun fi naku ƙarfi." Na miƙa masa gejina na ce ya auna tayar baya. Allura ta tsaya a 11. Ya yi shiru. Da na baro shi, haƙoran suna nan a kan tsumma, bai mayar ba, bai kuma ƙona su ba.