Ƙofofin Inari

Tun dawowata Katsina daga Japan, Baba bai tambaye ni jirgin ƙasa ko tsadar abinci ba. Da muka zauna a zaure bayan la'asar sai ya ce, "Kai, su mutanen nan me suke bauta wa?"

Na nuna masa hotunan Fushimi Inari, wurin bautar addinin Shinto da ke Kiyoto, wanda aka kafa a shekarar 711. Abin bautarsu a can Inari ne, mai kula da shinkafa da kasuwanci a wurinsu. Dubban ƙofofin katako jajaye ne jere har kan dutse, kowace da sunan wanda ya ba da ita a rubuce a bayanta. Ga gumakan yanyawa, 'yan aiken Inari, wasu da makullin rumbun shinkafa a baki.

Ni dai ban rusuna ba, na tsaya gefe. Amma wata tsohuwa da na gani ta wanke hannu, ta tafa sau biyu, ta sunkuyar da kai, har yau tana cikin raina.

Baba ya daɗe yana kallon makullin nan. "Ashe su ma manoma ne," in ji shi.