Yadda muke jinyar Baba tun da mantuwa ta kama shi

Mahaifinmu tela ne a Zariya, irin telolin da ba sa rubuta awo. Ya dubi kafaɗar mutum sau ɗaya, ya ɗauki almakashi. Shi ya sa yaran shagonsa suka riga mu ganewa, lokacin da ya fara karɓar kuɗin ɗinki ya sake tambaya, ko ya yanka yadin wani da awon wani. A gida aka ce gigin tsufa ne, sai haƙuri. Gwaggo ta ce sammu ne na abokan sana'a. An yi tofi, an sha rubutu, kuma addu'a har gobe ba mu daina ba, amma babban yayanmu ya dage sai likita ya gan shi.

Likitan ya tambaye shi rana da wata, ya ba shi kalmomi ya riƙe, ya sa shi zana agogo. Aka ɗebi jini, don ƙarancin sinadarin B12 ko matsalar maƙoƙo kan kawo ruɗewa mai kama da wannan, kuma su ana warkar da su. Na Baba ba su ba ne. Cutar mantuwa ce, kuma hawan jinin da ya daɗe yana wasa da maganinsa yana da hannu a ciki, domin yana lalata ƙananan jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa. Likitan ya faɗa mana gaskiya: babu maganin warkewa, ƙwayoyin da ake bayarwa sauƙi suke kawowa na wani lokaci. Ya ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu cutar sun haura miliyan 55, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin namu. Na yi mamaki, don ban taɓa jin wani a unguwarmu ya kira ta ciwo ba.

Abin da ya fi ba mu wuya shi ne daina gyara masa magana. Baba yakan tambayi mahaifiyarsa, wadda ta rasu tun ina ƙarama. Duk ranar da aka ce masa ta rasu, sabon makoki yake yi, da hawaye, kamar yanzu aka aiko. Inna kuma ta ce ita ba za ta yi wa mijinta ƙarya ba, kuma na fahimce ta. Sai muka samo hanya a tsakani. In ya ce, “Ina Iya?” sai in ce, “Baba, ita kake tunawa? Ba ni labarin furar da take damawa.” Nan zai saki jiki ya yi ta bayani, tambayar ta wuce, ba a yi ƙarya ba, ba a fama masa ciwo ba.

Bayan La'asar ne hankalinsa ya fi tashi. Sai ya ɗauki hula ya ce zai tafi shago, mutane na jiran kayan Salla. Tare ƙofa faɗa kawai yake jawowa. Wani yayana ya kwaso masa ƙyallaye da maɓallai da tsohon tef ɗinsa na awo, muka cire allura daga kekensa muka ajiye masa a zaure. Wallahi hannun nan bai manta komai ba. Mutumin da ba ya iya faɗin sunan jikarsa yana linke yadi kusurwa ta hau kusurwa. Muna kawo masa wankin gida ya linke, mu ce, “Sannu da aiki, Baba.” Yana jin daɗin a ce yana da amfani, kuma yana da shi.

Salla ma haka. Shi kaɗai yakan ruɗe a raka'a, amma a bayan liman lafiya lau yake bi, Fatiha ba ta kuɓuce masa ba. Jikansa ke riƙe hannunsa zuwa masallaci. Malamin unguwa ya kwantar wa Inna da hankali cewa Allah ba Ya kama bawa da abin da hankalinsa ya gushe a kai, ya karanto mata aya ta 70 a Suratun Nahli, mai maganar wanda ake mayarwa ga mafi raunin shekaru har ya rasa sanin abin da ya sani. Mun kuma daina ɓoyewa. Mai shayi, mai kanti, 'yan acaɓan bakin layi, duk sun san halin da ake ciki, kuma akwai lambar waya ɗinke a aljihun kowace rigarsa. In kuma ya rikice farat ɗaya fiye da yadda aka saba, asibiti muke nufa, don sau da yawa zazzaɓi ne ko ciwon mafitsara.

Duk wannan tsari a wuyan mutum ɗaya ya rataya, wato Inna. Ita ke tashi in ya farka tsakar dare yana laluben ƙofa, ita ke shan zargin sata in ya ɓoye kuɗinsa ya manta. Ta rame, nata jinin ya hau, amma ko ka tambaye ta sai ta ce, “Alhamdu lillahi, ai ibada ce.” Ibada ce, ban musa ba. Sai dai ibadar ba tata ba ce ita kaɗai, kuma na lura duk ranar da ba ta yi barci ba muryarta kan ɗaga, shi kuma Baba sai ya ƙara firgita. An ce mata ne ke ɗauke da kusan kashi 70 cikin 100 na sa'o'in wannan jinya a duniya. A gidanmu ya fi haka.

Muka zauna mu 'ya'yansa. Na ce wa yayyena, “Yaya, kuɗin da kuke turowa Allah Ya saka, amma kuɗi ba ya yi wa Baba wanka.” Baba mutum ne mai kunya, ba zai yarda 'yarsa mace ta taimaka masa a banɗaki ba. Maza suka karɓi wanka da aski da kwana a ɗakinsa bi da bi. Ni na ɗauki girki da lissafin magani. Wanda ke Legas aka ɗora masa kuɗin asibiti da kiran Inna a waya, ita ɗin, ba don tambayar jikin Baba kawai ba. Inna ta koma Islamiyyarta, tana zuwa suna da biki. Ranar farko sai da muka yi da gaske kafin ta yafa mayafi.

Masu zuwa dubiya kuma na roƙe su su bar tambayar nan ta “Ka gane ni?” Jarrabawa ce da zai faɗi a gaban mutane. Ni kaina in na shiga cewa nake, “Baba, autarka ce, ina wuni?” Wanda ya zo da niyyar taimako, ya zauna da shi awa ɗaya, Inna ta samu ta kwanta.

Wata mai zuwa za mu koma ganin likita, kuma mun yanki kati biyu, ɗaya na Baba, ɗaya na Inna.