Nuwadibu: Zirin da Hamada ta Kutsa Cikin Teku

Hunturun bana ya shigo Jos da ƙarfinsa, kuma duk safiyar da ƙura ta lulluɓe duwatsun Shere sai zuciyata ta koma Nuwadibu ta ƙasar Muritaniya, inda na raka kawuna fataucin busasshen kifi a shekarar 2014. Daga Nuwakshot, babban birnin ƙasar, muka shiga mota, muka ci tafiyar kilomita kusan 470 a kan kwalta ɗaya tilo, rairayi dama da hagu, ba inuwa sai ta raƙuman da muke wucewa.

Garin yana kan wani siririn ziri mai tsawon kilomita wajen 60, wanda ya miƙe cikin tekun Atlantika. Tun a 1900 Faransa da Sifaniya suka tsaga shi gida biyu a tsaye, shi ya sa gefen yamma yake cikin yankin Yammacin Sahara, inda garin Laguwira ya zama kufai, rairayi na binne gidajensa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ranar da muka je ƙarshen zirin. Muka tsaya a kan wani tudun farin dutse, igiyar ruwa tana dukan gindinsa, iska tana neman ƙwace mini hula, sai kawu ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗana, dubi ikon Allah, hamada ta zo shan ruwa." A kogunan dutse na wannan gaɓar ne wata dabbar teku mai shayarwa, mai kama da ayu, take haihuwa, kuma taronta na nan yana cikin mafi girma da suka rage a duniya, duk da cewa wata annoba ta kashe kusan kashi biyu cikin uku na garken a 1997. Da yamma kuma muka ga jirgin ƙasan da ke ɗauko tama daga Zuwerat, tafiyar kilomita 700, tsawonsa ya haura kilomita biyu, fasinjoji zaune a kan tamar sun naɗe fuska da rawani.

Wurin da yake da irin waɗannan abubuwa, ga kuma gandun Banc d'Arguin a kudu da shi, wanda hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya cikin kayan gadon duniya a 1989 saboda ɗimbin tsuntsayen da ke yada zango a can, ya kamata a ce baƙi suna tururuwa zuwa gare shi. Amma a Disambar 2007 aka kashe Faransawa huɗu masu yawon buɗe ido kusa da garin Aleg a kudancin ƙasar, aka soke tseren motoci na Dakar na 2008 wanda zai ratsa ta Muritaniya, tseren ya ƙaura zuwa Kudancin Amurka, baƙi kuma suka ɗauke ƙafa daga ƙasar baki ɗaya. Mu mutanen Jos mun san ciwon wannan, domin jiharmu ma da zaman lafiya da yawon buɗe ido ake yi mata kirari, kuma mun ga yadda tsoro yake daɗewa a zuciyar baƙo bayan ƙura ta lafa.

A 2013 gwamnatin Muritaniya ta ayyana Nuwadibu yankin ciniki na musamman, kuma yawon buɗe ido yana cikin abubuwan da aka ce za a bunƙasa. Lokacin da muka je maganar tana bakin kowa. Mai masaukinmu, yana zuba mana shayi kofi na uku, ya nuna mana filin da yake fatan gina ɗakunan baƙi a kansa. Abin da ya yi saurin tsirowa a bakin ruwan kuwa shi ne masana'antun da ke niƙa ƙananan kifi su mai da shi gari, a fitar da shi ƙetare don ciyar da dabbobi da kifin kiwo. A ganina nan ne shirin ya karye, domin warin masana'antun da ƙazantar da suke zubarwa suna korar mai neman hutu, kifin da suke niƙawa kuma shi ne cimar talakawan Afirka ta Yamma da abin da ke riƙe da rayuwar tekun da baƙon zai zo kallo.

Makon jiya kawu ya kira tsohon mai masaukin namu a waya, ina zaune kusa da shi a shagonsa. Bayan doguwar gaisuwa na roƙi kawu ya tambaye shi labarin filin nan. Ya ce filin yana nan, ya kewaye shi da bulo jeri uku, kuma duk bayan 'yan watanni yakan ɗauki yara su kwashe rairayin da ya taru a jikin katangar.