Yini ɗaya a Hallstatt, ƙauyen da baƙi suka ishe shi

Jirgin ƙasan da na hau daga garin Attnang-Puchheim na ƙasar Ostiriya ba ya shiga Hallstatt. Tashar tana ƙetaren tafki, sai ka sauka ka hau ƙaramin jirgin ruwa ya haye da kai. Daga kan ruwan na fara hango ƙauyen: gidaje sun manne a jikin dutse, wani a kan wani, hasumiyar coci ta miƙe a bakin tafkin. Kowa a jirgin ya ɗaga waya, har da ni.

Mazauna wannan ƙauye na ƙasar Ostiriya ba su kai 800 ba, amma idan kakar yawon buɗe ido ta kankama, baƙi kan kai 10,000 a rana guda. Gishiri ne ya kafa garin, an shafe dubban shekaru ana haƙarsa a dutsen da ke samansa. Hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 1997, sannan a 2012 aka gina kwafin ƙauyen sukutum a lardin Guangdong na ƙasar Sin. Maimakon kwafin ya rage cunkoso, sai ya ƙara wa mutane kwaɗayin ganin na asali.

Mu dai mun saba cewa baƙo raɓa ne. A Hallstatt raɓar ba ta bushewa: wannan bas na tashi, wata na sauke mutane. Babbar hanyar ƙwaya ɗaya ce, a matse tsakanin dutse da ruwa, kafaɗa na gugar kafaɗa. A jikin gidaje ga alluna suna roƙon a yi shiru, a tuna akwai masu zama a ciki.

Na bi ayari har wurin da kowa ke ɗaukar hoton nan da ya cika intanet. A nan ne a watan Mayun 2023 hukumar garin ta kafa shingen katako don ta tare kallon, amma sukar shingen ta yi yawa, ba a jima ba aka cire shi. A watan Agustan shekarar kuma mazauna suka fito da kansu, suka tare ramin da motoci ke bi ta cikin dutse su shigo garin, na kusan minti 15. Buƙatarsu a ƙayyade yawan baƙin kowace rana, a hana bas-bas shigowa bayan ƙarfe biyar na yamma. Ba su ce kada kowa ya zo ba, don da yawansu da baƙin suke cin abinci. Wanda ya fi ci musu tuwo a ƙwarya shi ne mai zuwa ya yi awa biyu, ya ɗauki hoto, ya wuce.

Wato irina ke nan. Ruwan gora kawai na saya.

A wani lungu na ga wata dattijuwa tana ba furannin tagarta ruwa. Kafin in yi tunani hannuna ya riga ya ɗauke ta hoto. Ba ta ce mini uffan ba. Ta dube ni, ta ajiye butar, ta ja labule. Na tuna yadda mahaifiyata za ta yi da wani baƙo zai leƙo ta katanga ya ɗauke ta tana shanya, sai kunya ta rufe ni.

A jirgin ruwan komawa na buɗe wayar. Hotuna sun fi 60, nata ya fi kowanne kyau. Sai da muka kusa isa tasha sannan na goge shi.