Zanen gida shafi 14 ya ƙi buɗuwa a wayar Injiniya

Daren Alhamis ɗin da ta wuce wajen ƙarfe goma sha ɗaya na gama haɗa zanen wani gida mai hawa ɗaya, shafi 14 duk a takarda A1, na fitar da su PDF daga AutoCAD, manhajar da muke zanen gini da ita, ina dubawa sai na ga fayil ɗin ya haura 80MB. Gmail dai kun san 25MB ne iyakarsa, yana wuce nan sai ya mayar maka da shi link na Drive, shi kuma Injiniya da safe yana sait a bayan gari inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Na tura ta WhatsApp a matsayin dokumen, ya cinye min data, da safe sai ga kira.

"Malam, wannan zanen naka fa ya ƙi buɗuwa, fari kawai nake gani, in ya fara fitowa kuma sai waya ta tsaya cak."

Na ce ranka ya daɗe a ba ni awa biyu. Abin ya dame ni sosai, don a ranar za a ja igiyar fandesho, birkila da leburori suna zaune suna jira, kuma kuɗin yininsu ko sun yi aiki ko ba su yi ba sai an biya.

Abin da kowa ke fara yi shi na yi, na kai fayil ɗin shafukan nan na intanet masu matse PDF. Ya ragu kaɗan, ba abin a zo a gani ba, hoton da ke ciki kuma ya dagule. Dalili kuwa shi ne abu iri biyu ne a cikin PDF. Akwai layi na lissafi, wato bekta, wanda kwamfuta ke riƙewa da cewa daga wannan ɗigon zuwa wancan, kaurinsa kaza, ko ka zuƙo shi sau ɗari yana nan tsaf. Akwai kuma hoto, rasta, ɗigo-ɗigo ne jere. Masu matsewan nan hoto suka iya ragewa, in nauyinka na layuka ne dubu ɗaruruwa to ba su da abin da za su yi maka, sai ka koma cikin zanen kansa.

Sai na fitar da shafukan ɗaya bayan ɗaya maimakon a dunƙule, nan take masu laifin suka bayyana. Goma sha biyu kowanne bai kai 1MB ba. Biyu ne suka ɗauke kayan gaba ɗaya, fulan na fili da kuma shafin da aka yanka ginin ana nuna cikinsa tun daga fandesho har rufi.

Na fili, hoton tauraron ɗan'adam ne na unguwar na sa a ƙasa, na ɗora launi mai shara-shara a kan fulotin don a ga abin da ke ƙarƙashi, na kuma kunna akwatin Plot transparency, mai sa shara-sharan ya fito, a wajen fitarwa. To wannan akwatin shi ne ya jawo, da zarar ka kunna shi AutoCAD na iya mayar da shafin hoto sukutum, har rubutun da layukan. Ku yi lissafin da kanku, A1 milimita 594 ne da 841, a dpi 300, wato ɗigo 300 a kowane inci, hakan ya kama ɗigo kusan 7016 sau 9933, kusan miliyan 70 ke nan a shafi guda, wace waya ce za ta buɗe wannan cikin sauƙi? A dpi 150 yana dawowa wajen miliyan 17, kashi ɗaya cikin huɗu, kuma hoton unguwa ba ya buƙatar fiye da haka, ba fasfo za a yi da shi ba. Na cire shara-sharan, na zagaye fulotin da layi mai kauri, hoton kuma na yanke shi a waje na rage shi kafin na sake sako shi. Ku lura, yankewa da IMAGECLIP na cikin AutoCAD ɓoye gefen kawai yake yi, asalin hoton yana nan da girmansa, ni na fi natsuwa in yanke shi tun a manhajar hoto.

Na biyun shi ya fi ba ni mamaki. Hach ne, wato cikon ɗigo ko layuka da ake zubawa a zane don nuna irin kayan gini. Samfurin AR-SAND na zuba a wajen cikon ƙasa da AR-CONC a kankare, sikel ɗinsu, wato girman ɗigon, ya yi ƙanƙanta ƙwarai, a allo yana kama da toka-toka mai kyau amma kowane ɗigon yashi a PDF abu ne mai zaman kansa da waya za ta zana shi ɗai-ɗai, shi ya sa Injiniya ke ganin zanen na fitowa gutsure-gutsure. Na ƙara sikel ɗin har ɗigon ya zama ido na iya rabewa a takarda, wani wajen ma ɗan gefe kawai na yi wa hach na bar tsakiya fari, yadda masu zanen hannu na da ke yi, kuma gaskiya ya fi kyan gani. Daga nan na buga PURGE mai share abin da ba a amfani da shi da AUDIT mai gyara kurakuran fayil, sai OVERKILL wanda ke share layukan da suka hau kan juna, a shiryayyun zanen kujeru da motoci da muke saukewa kyauta daga intanet akwai irin wannan shara da yawa, wata bishiya guda sai ka samu layinta ya fi na ginin duka.

Shafi 14 suka dawo ƙasa da 7MB. Ban ko taɓa zaɓin Smallest File na AutoCAD mai rage girman fayil ba, da zaɓin DWG To PDF na kullum na fitar.

Amma tunda na zauna, sai na bi sauran tabon da na daɗe ina kawar da kai a kansu. Na farko siraran fararen layukan nan da ke ratsa hach mai cike, bango baƙi sai ka ga kamar an tsattsaga shi da reza, akwai maigidan da ya taɓa tambayata ko tsagewa nake nuna masa. Ba a zanen suke ba. Ana yanka cikon ne ƙanana-ƙananan kusurwa uku, manhajar da ke buɗe PDF tana ƙoƙarin gyara bakin kowanne sai mahaɗar ta bayyana. Gwajin mai sauƙi ne, zuƙo shi, in layin bai ƙara kauri ba ko ya ɓace ya fito a wani waje to na allo ne, yawanci ba ya fita a takarda. A Acrobat, manhajar buɗe PDF, ka shiga Preferences, Page Display, ka cire Smooth line art, a wajen ne ma Enhance thin lines yake, wanda ke sa layi mai kaurin milimita 0.13 ya yi kama da na 0.35 har ka ɗauka CTB ɗinka, fayil ɗin da ke tsara kaurin layuka, ne ya lalace.

Sai ƙananan akwatunan sharhi da ke tsirowa a kan kowane rubutu. Wannan tun AutoCAD 2016 ya fara, rubutun SHX, wato salon haruffan AutoCAD na kansa, ba a ɗaukarsa a matsayin rubutu a PDF, layuka ne, shi ne suke liƙa masa sharhi don a iya bincika kalma. A AutoCAD rubuta PDFSHX ka sa 0, a 2016 ɗin kuma sunansa EPDFSHX, shi ke nan sun tafi.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na Hausa. Ni ina son sa sunayen ɗakuna da Hausa a ƙarƙashin na Turanci saboda masu aikin, Baba birkila da ya shekara talatin yana gini ba sai ya nemi mai fassara masa ba. To font, wato salon haruffa, irin su romans da simplex ba su san ɗ da ƙ da ɓ ba, sai ka ga ɗaki ya koma ?aki, ƙofa ta koma ?ofa, banɗaki kuwa ban?aki. Na mayar da su Arial, haruffan suka fito daidai, ga shi ana iya bincika kalma, kuma da yake PDF na tafiya da font ɗin a cikinsa ko a wayar wa aka buɗe haka zai gani. Wipeout ma, farin facin da ke ɓoye layukan da ke ƙasa, na rabu da shi a bayan rubutu, don wani firintan baƙi ƙirin yake fitar da shi ya rufe awon gaba ɗaya, Background Mask na MTEXT, mai yin wannan aikin daga cikin rubutun kansa, ya fi min kwanciyar hankali.

Na sake turawa kafin azahar, amma sai da na fara buɗe shi a tsohuwar wayar ƙanena mai ƙaramin ram, ya buɗe ba gardama, na zuƙo awon fandesho na karanta. Injiniya ya ce ya gani, a buga masa kwafi biyu.

A shagon bugawa na tsaya a kan yaron da kaina, don hannunsu ya saba da danna Fit, shi kuwa Fit yana ɗan rage zanen ya shiga cikin gefen takarda, 1:100 ya tashi daga 1:100 ba wanda ya sani. Na ce ɗan'uwa taimaka ka sa Actual size. Kwafin A3 da za a riƙe a hannu kuma tsawonsa da faɗinsa rabin na A1 ne, kashi 50 cikin ɗari, 1:100 ya zama 1:200, na rubuta hakan da biro a kai da manyan baƙi. Takardar A1 na fitowa daga fulota, babban firintan zane, na ɗora rula a kan bangon falo mai mita 5, santimita 5 cif ta nuna, na naɗe na hau mashin zuwa sait.