Inda na kai a shirin buɗe gidan abinci

'Yan'uwa masu koyon wannan sana'a, shirin ɗan ƙaramin gidan abincin da nake son buɗewa a Kano ya kai matakin da biro da takarda suka fi tukunya aiki. An kammala rajistar sunan kasuwanci a Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, kuma na biya kuɗin hayar shago na shekara guda tare da la'adar dillali. Waɗannan ba sa buƙatar dogon bayani, domin ana sanin adadinsu tun kafin a sa hannu.

Abin da ya fi cin lokacina shi ne lissafin faranti ɗaya. Na auna kwano guda na shinkafa na dafa, sannan na riƙa zubawa da cokalin da za a yi amfani da shi a shagon, ba tare da cika hannu irin na gida ba, domin in san faranti nawa ke fita. A kan wannan na ɗora man gyaɗa, da kayan miya, da yankan nama, da wuta, da ruwan da ake saye a wurin 'yan garuwa, har da roba da leda da cokalin da ake ba mai tafiya da abincinsa. Waɗannan na ƙarshe su ne mutane suka fi rainawa, alhali kuwa a kowane ciniki sai sun ɗebi rabonsu daga riba.

Farashin kaya kuma da fensir nake rubuta shi, saboda tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin ɗauko kaya daga kasuwa ya zama kaso mai nauyi a cefane. Wake da masara daga Dawanau zan riƙa sarowa, taliya da mai da kayan ɗanɗano daga Singa, kayan gwari kuma daga 'Yankaba. Tumatir ne ya fi yaudarar mai lissafi: idan amfanin noman rani na Kadawa da Kura ya shigo, kwando yakan yi araha har mutum ya ɗauka ribarsa ta tabbata, amma da damina ta kankama sai ya yi tsada a koma ga kauda. Saboda haka a kan farashin damina na tsayar da kuɗin farantina.

Game da wuta, na raba aikin biyu. Tuwo da wake suna son doguwar wuta, don haka gawayi zai ɗauke su, gas kuma na suya ne da ɗumame. Na jingine batun babbar firiza da janareta, na shirya da mahauci ya riƙa kawo naman yini kowace safiya. Kuɗin da na tsira da su sun tafi gyaran magudanar ruwa da wurin wanke hannu, waɗanda duba-gari ba ya ɗaga ƙafa a kansu, da kuma gwajin lafiyar masu girki.

Na ware albashin ma'aikata da cefanen wata uku a gefe, domin sabon shago yakan daɗe kafin ya tara abokan ciniki. Abincin ma kala uku kawai zan fara da su: shinkafa da wake, dafa-duka, da tuwon shinkafa miyar taushe. Aikin da ke gabana yanzu shi ne tsayar da girman malmala ɗaya, tun da hannun kowace mai tuƙi da irin nasa kwasar.